Yadda Ƙungiyar Unguwa Za Ta Raba Kayan Azumi Ba Tare da Turmutsutsu Ba

Da wuya a samu unguwa a Kano, Zariya, Katsina ko Maraɗi da ba ta da ƙungiyar ci gaba, ko ta tsofaffin ɗalibai, ko ta matasan nan masu yashe kwalbati kafin damina. Da azumi ya ƙarato sai wani ya kawo shawarar a tara wani abu a raba wa mabuƙata. Tara kuɗin ba shi ne mai wuya ba, domin a watannin Rajab da Sha'aban hannun mutane a sake yake. Wuyar tana wajen sanin wanda za a ba, da yadda kayan za su isa gidansa ba a ji wa kowa ciwo ba.

A watan Fabrairun 2020 kimanin mutum 20 suka mutu a Diffa wajen rabon tallafi ga 'yan gudun hijira. A watan Maris na 2024 an rasa rayuka bakwai a Bauchi wajen rabon zakka. A Disambar shekarar kuma, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, mutum 10 a Maitama ta Abuja, duk a wuraren da aka shirya domin kyautata wa jama'a. Abin da ya haɗa irin waɗannan wurare shi ne labari ya bazu cewa za a yi rabo, mutane suka yi sammako suka taru a bakin ƙofa, kayan da aka tanada kuma ba su kai yawan waɗanda suka zo ba. Don haka duk tsarin da ke ƙasa an gina shi ne a kan ƙa'ida ɗaya: ba a shelar rabo, ana gayyatar mutum ne da sunansa.

Kuɗi da asusu

A fara aiki tun farkon Rajab, wato wata biyu kafin azumi. A zaman farko a fitar da mutum uku masu sa hannu a asusu, shugaba da ma'aji da sakatare, da sharaɗin ba a cire ko sisi sai biyu daga cikinsu sun sa hannu. Kada a yarda a riƙa tara gudummawa a asusun mutum ɗaya, ko da shi ne ya fi kowa amana a unguwar. Kuɗinsa na kasuwa da na ƙungiya za su cakuɗe, kuma ranar da aka nemi lissafi ba shi da yadda zai wanke kansa.

Idan ƙungiyar a Najeriya take kuma tana son asusu da sunanta, banki zai nemi takardar rajistar amintattu daga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, da kuma takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Rajistar tana ɗaukar lokaci, domin sai an buga sanarwa a jaridu an jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Wanda ya fara nemanta a Sha'aban ya makara. A wannan shekarar sai a buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum ukun nan, a ci gaba da neman rajistar domin baɗi.

A littafin ma'aji a ware shafi uku: kuɗin mambobi, sadaka, zakka. Zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa a Suratut Tauba, aya ta 60, saboda haka ba a zuba ta a tukunya ɗaya da sauran kuɗi. Kuɗin mota, na 'yan dako, na leda da na buga katin karɓar kaya su fito daga kuɗin mambobi. A unguwannin da Musulmi da Kirista ke zaune tare, kamar a Kaduna da Jos, shafin sadaka ne zai ba ƙungiya damar sa maƙwabta duka a jeri ba tare da an shiga muhawara ba. Duk abin da ya shige duhu game da zakka a kai wa malami tun kafin a kashe kuɗin.

Jerin sunaye

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne yawancin ƙungiyoyi ke yin ha'inci ba su sani ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce kowane mamba ya kawo suna biyar. Idan aka yi haka, jerin zai cika da 'yan uwan mambobi da surukansu, tsohuwar da ke can ƙarshen lungu wadda ba ta da kowa a ƙungiya kuma ba za ta shiga ba.

A fara da shata iyaka: daga titi kaza zuwa kwalbati kaza, ba a tsallakawa. Sai a rubuta sharuɗɗa a takarda, kowa ya ji, kafin a ambaci sunan ko mutum ɗaya. Gidan da mace ke riƙe da marayu, tsoho ko tsohuwar da ba mai ɗaukar nauyinsu, magidancin da ciwo ya kwantar, mai buƙata ta musamman da ba ya iya fita nema, 'yan gudun hijirar da ke raɓe a kango. Ƙungiya na iya ƙarawa ko ragewa, muddin an yi hakan kafin a fara tattara sunaye.

Sunayen su fito daga kafa uku da ba su haɗu da juna ba: mai unguwa, limaman masallatan khamsu salawati, da mata. Kafa ta ukun ita aka fi mantawa da ita, alhali ita ta fi sanin gaskiya. Malamar Islamiyya, ungozoma da mai sayar da ƙuli ko daddawa gida gida sun san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, abin da namiji ba zai taɓa gani daga zaure ba. Sunan da ya fito daga kafa biyu ko uku ya shiga kai tsaye. Wanda ya fito daga kafa ɗaya sai an je an gani.

Masu zuwa dubawa su kasance biyu biyu, mace da namiji, macen ta shiga ciki, namijin ya tsaya a ƙofa. Kada su ce sun zo ne don rabon azumi, kada kuma su yi alkawari. Abin da za su rubuto kaɗan ne: sunan mai riƙe da gidan, lungu da wata alama da za a gane gidan, yawan masu ci daga tukunyar, lambar waya idan akwai. A lura da kalmar tukunya. Gida ɗaya na haya yana iya ɗaukar iyali shida, kowa da murhunsa, kuma gidan gado yana iya zama mutum ashirin a tukunya ɗaya. Tukunya ake ƙirgawa, ba ƙofa ba. Haka kuma a tace jerin sau biyu, domin mace ɗaya tana iya fitowa a matsayin Hajiya Ladi a takardar liman, Maman Sani a takardar mata.

Akwai wani rukuni da ba zai taɓa fitowa a bakin kowa ba sai an yi tambaya a hankali: mutanen da a da suke da rufin asiri, yau babu, kuma sun gwammace su kwana da yunwa da a gan su a layi. Tsohon ma'aikacin da fanshonsa ya maƙale, ɗan kasuwar da ya karye. Su ne irin waɗanda aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta siffanta, waɗanda wanda bai sani ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kai. A yi musu jeri daban wanda mutum biyu kawai za su gani, kuma ba za a ba su kati ba. Nasu kason gida za a kai musu.

Nawa za a saya

Ma'aunin da hukumomin agaji ke amfani da shi ya kama kimanin giram 400 na hatsi ga mutum ɗaya a rana. Gida mai mutum bakwai ke nan yana cin kusan kilo uku, kwano guda da ɗoriya, kowace rana. Wannan lissafin yana da amfani domin yana hana ƙungiya yaudarar kanta. Kilo 15 na hatsi abincin kwana biyar ne zuwa mako guda a irin wannan gida, ba na wata ba. Ya fi kyau a ba gida 200 abin da za su ji a jikinsu da a ba gida 600 mudu bibbiyu domin adadin ya yi daɗin faɗa.

Ga misalin ƙunshi na gida 200. Shinkafa kilo 10 kowane gida, buhu 40 ke nan masu kilo 50. Gero kilo biyar domin kunu da fura, buhu 10 masu kilo 100. Wake kwano guda, kimanin kilo biyu da rabi, buhu biyar. Sukari kilo biyu, buhu takwas. Man girki lita ɗaya, jarka takwas masu lita 25. Taliya biyu, katan 20. A kan wannan a ƙara ƙunshi 10 na ko-ta-kwana. Idan kuɗi bai kai ba, taliya ce ta fara fita, sannan a rage shinkafa a ƙara masara ko dawa, waɗanda suka fi auki. Mai da sukari kada a taɓa su, domin su ne mai ƙaramin ƙarfi ke saye a ƙulle ƙulle da tsada kowace yamma. Gidan da ya haura mutum goma a ba shi ƙunshi biyu, a rubuta hakan a jeri tun farko.

A ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin domin mota, dako, buhunan zubi da kati. Ƙungiyar da ta kashe komai a kan hatsi za ta wayi gari da buhu sittin a kasuwa ba kuɗin ɗauko su.

Saye da ajiya

Hatsi ya fi araha da kaka, yana kuma tashi idan azumi ya matso. Tunda azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, a shekarun nan tazararsa da kaka ba ta da yawa, don haka wanda ya sayi gero da wake da wuri zai ga bambanci. Mutanen Kano sukan je Dawanau domin hatsi, Kasuwar Singa domin sukari, mai da taliya. Ko ina ne dai, mutum uku su je, ɗaya daga cikinsu wanda ya san hatsi, a tambayi farashi a wuri uku, a karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata.

A tafi da sikeli ko a nemi na kasuwa a auna buhu ɗaya cikin kowane biyar. Buhun da aka rubuta kilo 50 a jikinsa yana iya zama an farke shi an ɗebi kwano guda an sake ɗinkewa, kuma ɗinkin hannu a bakin buhun kamfani alama ce. Kwano ɗaya a buhu 40 ya tashi kilo 100, rabon gida goma. A soka buhu daga ƙasa da tsakiya, ba daga sama kaɗai ba, domin mai algus yakan sa mai kyau a baki, tsakuwa da ƙaiƙayi a ciki. A ciji ƙwayar gero ko masara: busasshiya tana fashewa da ƙara, mai danshi tana lotsewa, kuma ita ce za ta yi fumfuna a sito. Waken da ke warin magani a bar wa mai shi, komai arahar sa, domin wasu na zuba masa maganin ƙwari mai guba.

A sito a shimfiɗa katako a ƙasa, a bar tazarar taku ɗaya tsakanin buhuna da bango. Idan wake zai yi fiye da wata guda a ajiye, a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin za su mutu ba tare da magani ba. Ƙofar siton ta kasance da kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu. A kawo kayan da daddare ko da sassafe, domin babbar mota tana sauke buhuna da rana tsaka ita kanta shela ce.

Ƙulla kaya aikin yini biyu ne ga mutum goma sha biyu. A yi shi da sikeli, kada a yi da kwano, saboda hannun wani ya fi na wani cikawa, kuma za a zo buhun ƙarshe a tarar saura gida goma sha biyar ba shinkafa. Mai a zuba shi a sababbin robobi da mazurari, a sa leda a bakin kafin a murɗa murfi, in ba haka ba zai tsiyaye cikin sukari. Komai ya shiga ƙaramin buhu guda a ɗaure, a rubuta lamba a jiki daga 1 zuwa 210.

Kati da ranar rabo

Idan gidajen ba su wuce ɗari ba, kada ma a tara kowa. A ɗauki Adaidaita Sahu biyu, bayan sallar isha'i a bi lungu lungu da jeri a hannu, a yi sallama a miƙa, a sa alama. Dare uku ya isa. Ita ce hanyar da ta fi kowace aminci da rufa asiri, illarta kawai gajiya.

Idan sun fi haka, sai kati. A buga shi a kwali mai kauri, da lamba, da sunan mai shi, da hatimin ƙungiya na tawada, da rana da lokacin zuwansa. A raba gida 200 rukuni takwas, mutum 25 kowane rabin awa, kowane rukuni da launin katinsa. Daga ƙarfe takwas na safe zuwa sha biyu an gama. A kai katin gida kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ba mako guda ba, domin tsawon lokaci yana ba labari damar yawo, yana kuma ba masu wayo damar buga na jabu. Mai kai katin ya faɗa da baki cewa kayan da sunan mai katin aka ƙulla su, ko da azahar ya zo zai tarar da nasa. Wannan maganar ita ke hana sammako, kuma sammako shi ne farkon turereniya.

Ranar ta kasance a makon ƙarshe na Sha'aban. A cikin azumi ga zafi ga yunwa, tsofaffi suna faɗuwa a layi, 'yan aikin sa kai su ma ba su da haƙuri. Wurin ya zama fili mai katanga da ƙofa biyu, kamar makarantar firamare a ranar da ba karatu, ta shiga daban, ta fita daban, kuma ta fitar ta ɓulle wani layin. Kada a yi a ƙofar gidan wani attajiri, ko a harabar masallaci bayan sallar Juma'a, ko a bakin kasuwa.

A rubuta wa DPO na yankin takarda mako guda kafin ranar, a sanar da mai unguwa da dagaci. Bayan abubuwan da suka faru a Disambar 2024 rundunar 'yan sandan Najeriya ta ce duk mai shirya irin wannan rabo ya sanar da ita tukuna. A nemi 'yan agaji ko 'yan Red Cross su zo da akwatin taimakon gaggawa, a tanadi mota guda da direbanta a zaune, fuskarta na kallon hanya. Jami'an tsaro su tsaya a waje. Matasan unguwa masu gora ko bulala ba su da aiki a wurin, domin bulala ɗaya ta isa ta sa mutum ɗari su ruga wuri guda.

Ana duba kati ne tun a bakin layi, taku hamsin kafin ƙofa, ba a ƙofar ba. Wanda launinsa ya yi ya wuce ya zauna a benci ƙarƙashin rumfa, mata gefe, maza gefe, ga randar ruwa. Mutumin da ke zaune ba ya tura na gabansa. Daga benci ana kiran lamba, mutum ya je tebur na farko a duba sunansa a jeri ya dangwala, a karɓe katin a yage gefensa, ya wuce tebur na biyu ya karɓi buhu. Buhunan suna cikin aji a rufe, ana fito da 25 kawai a lokaci guda, kada a jibge su a fili ido na gani. Ƙunshin nan ya haura kilo 20, tsohuwa ba za ta iya ɗauka ba, saboda haka a tanadi samari shida da baro su raka masu rauni har gida. Rakiyar tana kuma maganin 'yan fizge da ke jira a bayan katanga.

Marasa kati za su zo, ko an yi sirri ko ba a yi ba. A sa dattijo guda da mace guda masu sanyin baki su tsaya nesa da ƙofa da littafi, su rubuta suna da lungu, su ce za a zo a duba. Kada a ba ko mutum ɗaya a nan take, ko da kuka yake. Da zarar an ga marar kati ya fito da buhu, cikin minti ashirin waya ta kai labari unguwa uku. Ƙunshi goman nan na ko-ta-kwana nasu ne, amma sai washegari, a gida, bayan an duba.

Idan duk da haka taro ya fi ƙarfin masu tsaro, alamar haɗari ita ce mutane su matsu har ba mai iya ɗaga hannu, taron ya riƙa tangaɗi gaba da baya kamar ruwa. Yawancin masu mutuwa a turmutsutsu numfashi ne ke gagarar su saboda matsi, suna tsaye, tun kafin a kai ga tattake su. A wannan hali ba a buɗe ƙofa kaɗan don a shigo da mutum biyar biyar, ba a kuma jefa kaya ta saman katanga. A dakatar da rabon gaba ɗaya, a sanar da lasifika cewa yau ba rabo, masu kati za a kai musu gida, a fara janye mutane daga bayan taron, domin daga can matsin ke tasowa.

Hoto, baƙi da lissafi

Masu ba da gudummawa suna son shaida, kuma haƙƙinsu ne. A ɗauki hoton buhuna, na rasit, na 'yan aikin sa kai suna ƙulli. Fuskar bazawara riƙe da buhu ba ta da wurin zama a Facebook. 'Ya'yanta suna zuwa makaranta da 'ya'yan masu kallo. Jerin sunayen ma kada a tura shi zauren WhatsApp na ƙungiya.

Ɗan siyasar da ya kawo buhu ashirin a karɓa a yi godiya, da sharaɗin ba hotonsa a jikin buhu, ba jawabi ranar rabo, ba kuma jerin sunaye daga ofishinsa. Idan bai yarda ba, ya raba kayansa da kansa. Zuwansa wurin da jerin motoci da maroƙa kaɗai ya isa ya rushe duk tsarin katin.

Cikin mako guda bayan rabo ma'aji ya fitar da shafi ɗaya: abin da ya shigo a kowane shafi na ukun nan, abin da aka saya da farashinsa, kuɗin mota da dako, gidaje nawa suka karɓa, kati nawa ba a kawo ba, nawa ya rage a asusu. Mutum biyu da ba sa cikin masu sa hannu su gwada shi da rasit da yagaggun katunan, sannan a karanta a taro a aika wa duk wanda ya ba da ko naira dubu. Katunan da ba a kawo ba a bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa rashin lafiya ce ta hana mai shi fitowa. Jerin da littafin marasa kati a ba sakatare ya adana. Da su za a fara idan an zo rabon zakkar fidda kai a ƙarshen wata, da naman layya bayan wata biyu da 'yan kwanaki.